Mesar Surukina da Abin da ke Ƙarƙashin Gadona

Na ga abubuwa da yawa a rayuwa, wasu sun goge daga zuciyata, amma ranar da aka baje asirina a kan tabarma gaban surukina, ko a makara aka ɗora ni ina jin zan tafi da ita. Yau jikokina sun fi ƙarfin yatsun hannuna, amma in na tuna sai na ji fuskata ta ɗauki zafi.

Shekaru kaɗan bayan babbar yunwar nan ta farko aka kai ni aure wani ƙauye tsakanin Buza da Garhanga. Gidan gardawa ne, masu wasa da macizai. Surukina tsoho ne mai tsawo, marar yawan magana, kuma a cikin macizansa babu wadda yake ji da ita kamar wata ƴar mesa gajera mai kauri. Ba ta sara, ba ta faɗa. In ta ji tsoro sai ta dunƙule kamar curin fura, ta ɓoye kanta a tsakiya. Ita yake ɗauka zuwa kasuwar Buza, yara su taru, manya su sayi maganin sarar maciji.

A shekarar ne tsohon ya danƙa wa maigidana kula da ita, alamar shi zai gaji sana'ar gidan. Maigida ya ɗauko randarta ya ajiye a rumfar da ke jikin ɗakina. Kullum yana sauya mata yashi, ya zuba ruwa a ɗan kasko, ya sa mata tsumma mai laima, ya rufe da faifai ya ɗora dutse. Bai lura ba gindin randar ya tsage ta bayan da ke jikin bango.

Ni kuwa a lokacin ina da nawa sha'anin. Cikin fari gare ni, ƙarami, ban faɗa wa kowa ba. A wurinmu yarinya ba ta buɗe baki ta yi wannan zance, ko da uwarta. Sai kwaɗayi ya saka ni gaba. Na riƙa tara ƙuli-ƙuli, tsamiya, goriba, ɗanyen gero da farar ƙasa a ƙarƙashin gadona, in gida ya yi shiru da rana in ja ƙyaure in yi ta ci kamar ɓarauniya. To, inda aka tara irin wannan kaya ɓeraye ba sa jiran gayyata.

Wata safiya na leƙa ƙarƙashin gado, sai ga mesar kwance bayan ƙwaryata, cikinta ya yi tudu. Saura kaɗan in kurma ihu, amma na tuna in mutane suka shigo abin da za su gani, sai na haɗiye. Na tura ta cikin ƙwarya, na mayar da ita randa, na ɗora dutsen yadda yake. Haka muka ci gaba ni da ita. Ta fito ta ci, ni in mayar.

Sai zance ya tashi a gida wai mesa ta ƙi abinci. A kamo ɓera a saka mata, ta ɓoye kai. A kawo ɗan tsako, ta ɓoye kai. Ina za ta ci, tana ƙoshe? Makonni suka wuce. Tsohon ya daina zuwa kasuwa, tuwonsa ya riƙa dawowa kamar yadda aka kai shi. Ina jin su ta bayan zana yana tambayar ɗansa:

"Kai, hwaɗa mini gaskiya. Can cin rani da ka tahi, mi ka ci?"

Gidan ba sa cin naman damo, gadon kakanni ne. Tsohon ya yi imani ɗansa ya ci a Najeriya, hannunsa ya ɓaci, shi ya sa mesa ba ta karɓar komai daga gare shi. Maigida ya rantse, ya sake rantsewa, ba a yarda ba. Ni kuma ga gaskiya a bakina, amma surukina ne. Ko inuwarsa na hango durƙusawa nake yi in juya fuska. Ta yaya zan ce masa uffan? Maigidan ma na kasa faɗa masa, don in na soma zancen sai ya kai ni inda ba na so.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar tsohon ya kira ƙannensa biyu, suka zauna a rumfa. Ina ɗaki ina jin komai. Ya ce ya yanke shawara: zai karɓe randa da jakar magani ya ba ɗan ƙaninsa, shi kuma maigidana ya nemi wata ƙasar ya zauna, don mai ɓataccen hannu ba ya kwana gida ɗaya da macizai. Sai na ji an ɗaga dutse, an ɗaga faifai.

"Babu ta," in ji tsohon. "Har ta bar muna gida."

Ban san lokacin da na sunkuya ƙarƙashin gado ba. Tana nan, ta ƙoshi. Na saka ta a ƙwarya, na ja mayafi na rufe fuska, na fito. Na durƙusa nesa da tabarma na tura ƙwaryar gaba.

"Baba," na ce, kuma wannan ita ce kalmata ta farko gare shi tun da aka kawo ni gidan, "ba ta ƙi ci ba. Ɗakina take ci."

Tsohon ya shafa cikin mesar, ya ji tudun ɓeran da ta haɗiye. Ƙaninsa ƙarami, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "To mi kusu ka nema ɗakin amarya, awa rumbu?"

Kafin in motsa, surukata ta riga ta shige ɗakin. Allah ya ji ƙanta, mace ce mai son ta ga ƙarshen zance. Ta fito rungume da ƙorai da tsummoki, ta zazzage su a tabarma gaban maza: ƙuli-ƙulin da ɓera ya gatsa, ƙwallayen goriba da na tsotse, tsamiya, ga farar ƙasa da shatin haƙorana a jiki. Ta dubi tsamiyar, ta dubi farar ƙasar, ta dube ni. Sai ta rangaɗa guɗa.

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Ƙanin nan ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Maigida ya sunkuyar da kai, shi ma kunyar ta kama shi, don a wannan lokacin ya ji labarin, tare da kowa. Surukina kuwa bai dube ni ba. Ya juya mini baya, ya ɗaga mesar daidai fuskarsa, ya yi magana da ita:

"Ashe ke kin riga mu sani, kinka yi shiru."

Ya miƙa wa ɗansa ita ya ce, "Amshi. Ka liƙe gindin randag ga." Da magariba na ga akushin tsohon ya dawo babu ko loma.

Na yi kwanaki ban leƙa tsakar gida ba. Matan unguwa suka sa mini suna mai kiwon mesa, ya bi ni har na yi furfura. Amma abin da ya fi damuna, in na zauna ni kaɗai, shi ne yadda na bar mutum yana rantsuwa ana ƙaryata shi, tsoho yana kwana da yunwa, ni ina tsaron fuskata. Tun daga nan na gane kunya tana da kyau muddin kai kaɗai take ci. In ta soma cin wani, to a buɗe baki a yi magana, ko da murya na rawa.