Hannun da Baba Yake Bi

Baba ya koyi keke tun kafin a canja hannun tuƙi a ƙasar nan, lokacin da motoci suke bin hagu. Da aka mayar da su dama, shi bai koma ba. Idan aka yi masa magana sai ya ce shi yana nan inda aka same shi, motoci ne suka tashi. Yana faɗa yana dariya, amma da gaske yake, don har ya yi furfura a hagu yake tafiya, yana fuskantar duk abin da ke tahowa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure. Baba yana koyar da yara a Islamiyyar da ke ƙofar gidanmu, yana kuma da gona a bakin kanal ɗin ban ruwa, inda yake albasa da tumatir da rani, shinkafa da damina. Da an tashi karatun safe sai ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗaure fartanya a kariyar kekensa, ya hau. Kafin ya kai hanyar da ke sauka zuwa gonaki sai ya yi tafiya mai ɗan nisa a kan kwalta. Kwaltar kuwa siririya ce, gefenta duk ya zaizaye, manyan motoci biyu da ƙyar suke wuce juna.

Da can ba wanda ya damu. Amma da injinan casar shinkafa suka yi yawa a Kura, hanyar ta daina hutawa. Tirela ta kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, wata ta kwashi buhuna, ga akori-kura da kwandunan tumatir har sun fi kanta tsawo, ga 'yan adaidaita sahu da masu babura kowa yana kutsawa inda ya ga rata. Idan kakar tumatir ta kama, kowane direba gudu yake don kada kaya su ruɓe masa a hanya.

A lokacin ina koyarwa a firamare a Kura, ban yi aure ba tukuna. Wata rana jami'an kiyaye haɗurra suka zo makarantarmu yi wa yara bayani. Ina tsaye a bayan aji na ji ɗayansu yana cewa keke ma abin hawa ne, dokar titi ta hau kansa kamar yadda ta hau kan mota. Mai keke ya bi dama, ya tafi inda motoci suke tafiya. Idan zai yi kwana ya miƙa hannu tun da wuri. Ya kasance da birki mai ci, da ƙararrawa, da fitila idan duhu ya fara, kada kuma ya ɗauko kayan da suka fi ƙarfin keken. Direba shi ma ya ba mai keke fili, kada ya matse shi. Ina saurare ina lissafa na Baba a zuciyata. Birki ɗaya ne yake ci. Fitila babu. Hannu kuwa, ba a magana.

Tun daga ranar na rasa sukuni. Ina cikin rubutu a allo, in na ji an ja birki da ƙarfi a titi sai alli ya tsaya a hannuna. Da yamma in na dawo na tarar keken ba ya jingine a zaure, sai in kasa zama, in shiga ɗaki, in fito, in ɗauki tsintsiya in ajiye. Inna takan ce, "Ke wai me yake cin ki ne? Yau ya fara zuwa gona?"

Na same shi da maganar bayan ya ci tuwo.

"Baba, an ce doka ce mai keke ya bi dama."

"Wa ya ce, Uwata?" Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Na gaya masa duk abin da na ji. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, su a mota suke yawo. Ni abin da zai buge ni, na fi son in gan shi da idona. In na ga ya nufo ni sai in sauka gefe. In yana bayana fa? Da ƙeya zan gan shi?"

Na san dai an ce kuskure ne, amma ban san dalili ba. Na sayo masa fitila a kasuwa, ya yi godiya, ya sa mini albarka, ya rataye ta a zaure yara suna karatun asuba da ita.

Abin ya faru ne a tsakiyar kakar tumatir, bayan la'asar. Ina gida ina duba aikin yara sai ga wata maƙwabciyarmu ta shigo ko sallama babu, ta ce mota ta taɓa Malam a kusa da kwalbati. Ban san lokacin da na zari hijabi ba. Ina gudu ina jin takalmina ɗaya yana fita, ban tsaya ba.

Na tarar da taro. Akori-kura ce tsaye a karkace, kwanduna biyu sun faɗo, tumatir ya watsu a kan kwalta, mutane suna tattakawa. Jan da na gani a ƙasa na ɗauka jini ne, sai da wata mata ta riƙe ni ta ce, "Tumatir ne, tumatir ne, ga shi can zaune." Baba yana zaune a gangaren titi, rawaninsa ya warware, ya tallafe hannunsa na dama da na hagu. Keken yana cikin rami, buhun irin albasar da ya gicciya a kariya ya fashe.

Direban kuwa matasa sun kewaye shi. Mutum ne magidanci, mai ɗan gemu. Wani ya cakumi wuyan rigarsa, wani yana cewa a fasa gilashin. Sai na ji muryar Baba, irin wadda yake tsawatar wa yara da ita.

"Kai! Sake shi. Ku kuka faɗi ko ni?"

Aka sake shi. Mutumin ya zo ya durƙusa a gaban Baba yana cewa, "Allah gafarta Malam, wallahi tirela ce ta taho ta ɗaya hannun, ba ni da inda zan kauce. Madubina ne ya ɗauki buhun." Baba ya ce masa ya bar rantsuwa ya kai shi asibiti. Direban ya bar tumatirinsa a nan bakin titi, ya kai mu. Aka ce tsintsiyar hannu ce ta karye, aka ɗaure.

Kwanakin jinyar nan gidanmu bai yi daɗi ba. Baba mutum ne da bai iya zama ba. Ya fita zaure, ya dawo, ya aika a dubo masa ko an ba albasa ruwa, wanda aka aika bai dawo ba ya sake aika wani. Ni kuma ina cike da magana, amma ba a ce wa uba ai na faɗa maka. Direban, wanda ashe mutumin Bunkure ne, yakan biyo duk ranar kasuwa da ɗan lemo ko rake, ya zauna a bakin tabarma. Rannan ina kawo musu ruwa na ji Baba ya tambaye shi.

"Wai ni kam, ba ka gan ni ba ne?"

"Na gan ka, Malam."

"To?"

Direban ya juya hularsa a hannu. Ya ce, "Ina jin nauyin faɗa. Amma wanda muke tafiya hannu ɗaya da shi, tun daga nesa nake ganin bayansa. In hanya ba kyau sai in rage, in bi shi a hankali har in samu fili. Wanda yake tahowa kuwa, ko na taka birki shi yana zuwa. Kafin in yi shawara mun haɗu."

Baba ya ɗauki kofi. Ya sha ruwa, ya kawo zancen tsadar taki.

Ranar da za a kwance ɗaurin, direban ya ce shi zai kai mu. Muka zauna a gaba, Baba a tsakiya, ni a bakin ƙofa. Layi ya riƙe mu a asibiti, ba mu kamo hanyar gida ba sai da rana ta yi ja. Ban taɓa kallon hanyarmu daga gaban mota a irin wannan lokaci ba. Ƙura ta taso, hasken rana yana dukan gilashi, motocin da ke tahowa wasu sun kunna fitila wasu ba su kunna ba. Manoma suna ta fitowa daga kanal a kan kekuna. Waɗanda suke hannunmu muna ganin fararen rigunansu tun daga nesa, direban ya rage, ya jira, ya zagaye su. Can sai ga wani ya ɓullo ta gabanmu da damin ciyawa, kamar daga ƙasa ya tsiro. Direban ya murɗe sitiyari, kaina ya bugi ƙofa, Baba ya dafe gaban motar da hannun da aka kwance yanzun nan, ya yi salati da ƙarfi.

"Wannan wane irin ganganci ne!" in ji Baba. Ya waiwaya yana neman mutumin. Sai kuma ya sunkuyar da kai yana duban hannun nasa. Da muka iso gida direban ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Da hannun ya yi ƙwari ya kai keken wurin mai gyara. Aka sa birki, aka ɗaura madubi a hannun keken, ya ciro fitilar nan daga zaure. Bai sanar da kowa ya canja ba. Ni dai na bi shi da ido wata safiya na ga ya tsaya a bakin kwalta, ya duba nan ya duba can, ya tura keken ya tsallaka, sannan ya hau.

Na ɗauka hankalina zai kwanta, bai kwanta ba, nasa ma haka. Ya ce ƙarar mota a bayansa tana sa tsikar jikinsa tashi, wuyansa har ciwo yake don leƙen madubi. Kuma ba kowane direba ne irin na Bunkure ba. Wata rana ya shigo da taɓo har gwiwa, wata tanka ce ta bi shi da hon har sai da ya faɗa cikin gonar mutane. Ya jingine keken da ƙarfi ya ce, "Uwata, ga ni a hannun da kika ce. Su kuma wa zai gaya musu nasu?"

Shi ya gaya musu. Bayan sallar la'asar a masallacin bakin titi, inda direbobi suke tsayawa, ya miƙe ya ce yana da magana. Ƙanina da yake wurin ya ba mu labari. Ya ce Baba ya yi bayanin haƙƙin hanya, ya ce mai babbar mota ya tuna wanda ke gabansa ba shi da ƙarfe a jikinsa, masu keke kuma su daina zuwa wa mutane ta gaba. Wani direba ya ce masu keke ne ba sa jin hon. Wani manomi ya ce ina za su sauka, gefen titin duk rami ne. Aka yi ta musu har wasu suka tashi suka tayar da motocinsu. Wasu daga cikin tsofaffin ɗalibansa sun koma dama. Abokansa na tsara kuwa, yawancinsu har yau suna hagu, suna ma yi masa tsiya wai 'yarsa ta yi masa karatu.

Bayan na yi aure na koma Kumbotso. Da ranin bara na taho gida a motar haya, ina kujerar baya, an matse mu kamar buhuna. Mun bar babban titi ke nan muka cim ma wani dattijo a kan keke, yana tafe a hankali a gefen dama, ga motoci suna ta tahowa ta ɗaya hannun. Direbanmu, wani matashi mai gaggawa, ya danna hon ya fara matsawa. Sai na gane rawanin.

"Don Allah malam direba, dakata masa," na ce. "Mahaifina ne."

"Hajiya, ai sai ya sauka mana."

"Ina zai sauka? Dubi gefen."

Ya yi tsaki, amma ya ɗaga ƙafa. Muka bi bayan Baba a hankali, fasinjoji suna gunaguni, wata tsohuwa a kusa da ni tana cewa a bar bawan Allah ya tafi. Ina kallon ƙafafunsa suna juya feda, sun rame fiye da yadda na san su. Can ya leƙa madubi, ya miƙa hannun dama, ya gangara hanyar kanal. Bai san ina cikin motar ba. Direban ya ba ta wuta, na sauka a ƙofar gida da kayana, Inna ta fito tana tambayata ya hanya.