Saniyar Inna da Allurar Goronyo

Ana kiran assalatu muka bar Gandi, ni da wani maƙwabcina Bafillace, muna kora shanu zuwa sansanin allura da Nasara suka kafa kusa da Goronyo. Shi tsofaffin shanu ya tsinto, ya ɓoye na kirki a daji, don ya ɗauka dabarar ƙidayar jangali ce. Ni kuwa saniyar Inna na janyo, ita kaɗai gare mu, ga ta da ciki. Sankira ya yi shela a kasuwa cewa saniyar da aka yi wa allura ta yi bankwana da ciwon bushiya mai kashe shanu, ko atishawa ba za ta ƙara yi ba. Na haɗiye zancen ɗungum.

A Rabah muka sha fura mai tsamin da ya sa maƙwabcina rufe ido ɗaya. A Wurno albasa tuli-tuli, araha kamar a roƙe ka ka ɗauka. Daga nan sai taɓon fadama har gwiwa, ina ja, saniya na nishi.

A sansanin aka kayar da ita da igiya, tim! Na ce tana da ciki. Malamin allura ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "To mi kaka so in yi? Matsa, na bayanka na jira."

Sai da aka gama aka gaya mana allurar kan sa zazzaɓi, mai ciki da mai rauni ba duka ke tashi ba. Ina wannan magana take ranar shela? Saniyar ta zubar da cikin, ta kwanta, na yanka ta cike da haushi.

Maƙwabcina ma ya rasa ɗaya, amma dariya yake. "Ni na zaka da shirin a amshe su duka, ga ni za ni gida da saura. Wallahi Nasara sun yi ƙoƙari!" Saura kaɗan in kwaɗa masa sanda.

A hanyar komawa na gane allura ɗaya aka yi wa shanunmu, tsammanin da kowa ya taho da shi ne ya bambanta. Da sun faɗi gaskiya, da na bari ta haihu tukuna. Wannan ne ban yafe ba.

Na iske Inna ta wanke ƙwaryar tatsa ta kife a rana. Ta leƙa bayana, ta ce, "Ina ta?" Na miƙa mata igiyar.