Saƙon da ban saurara har ƙarshe ba

A shekarata ta huɗu a Guangzhou, ina aikin haɗa wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi kaya, ina zaune ni kaɗai a unguwar Panyu. Mutum ne ni mai ƙyashin lokacinsa. Saƙonnin murya sukan shigo mini da yawa a wuni, don haka na saba da sauraren farkon saƙo kawai, in na ji gaisuwa ce sai in wuce. A ganina duk mai buƙata zai faɗe ta da wuri.

Wanda bai taɓa yin hutun sabuwar shekarar Sin a garin nan ba, ba zai gane yadda yake ba. Masana'antu kan rufe, ma'aikata su tafi ƙauyukansu, 'yan'uwanmu su koma gida tun kafin lokacin. Kasuwar tufafi ta Shisanhang da ba a samun wurin sa ƙafa sai ka ga ƙofofi a garƙame, an liƙa musu jajayen takardu. Ga sanyi mai danshi da ke shiga ƙashi, ɗakunan kuma ba abin ɗumamawa. A shekarar ban samu tafiya ba. Na yi kwana huɗu ban yi magana da kowa baki da baki ba, in ban da mai shagon da na tambaya burodi ya ce meyo, wato babu. Da iyalina suka kira sai na ce musu aiki ya yi mini yawa.

A cikin kwanakin ne wani dattijo ɗan Maraɗi, mai sarin wandon jins, ya fara turo mini saƙon murya. Ba ya rubutu, kuma saƙonsa yakan kai minti uku. Zai fara da sallama, ya kira ni ɗan Kano, ya tambayi sanyi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya gaida mahaifiyata da bai taɓa gani ba. Na ɗauka yana Maraɗi cikin jikokinsa. Sai in ji farkon, in tura masa hoton hannu biyu na addu'a, in ajiye waya. Kwana uku haka, saƙo biyar. Ina fama da kaɗaici, amma ban iya ba muryar mutum minti uku ba.

Rana ta uku da hantsi ina wanke kofi, hannuna a jiƙe, ban samu tsayar da saƙonsa ba, ya ci gaba da kansa. Bayan gaisuwar ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce in ba zai takura mini ba, yana nan Xintang, garin masana'antun jins da ke gefen Guangzhou. Kayansa ba su kammala ba aka rufe masana'antu, ya ce bari ya jira. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙirjinsa na ciwo, kuma bai san abin da zai ce a asibiti ba. Na koma saƙonnin baya. Kowanne da maganar a ƙarshensa, kowanne muryar ta fi ta jiya rauni.

Na hau jirgin ƙasa, taragon kusan ni kaɗai. Na same shi a ɗaki hawa na biyar, sanye da riguna uku da rawani, leɓɓansa sun bushe. A gefensa akwai fulas da kwanon kunun shinkafa. Wata tsohuwa 'yar Sin mai gadin ginin ce ke kawo masa safe da yamma. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Da ta gan ni ta hau ni da faɗa tana nuna shi, ban fahimci rabin maganarta ba, amma na san na cancanta. A asibiti likita ya ce sanyi ya kama masa huhu, ya tambaye ni me ya sa muka jinkirta. Ban fassara wa dattijon wannan tambayar ba.

Bayan an sallame shi na kai shi ɗakina. Na bar masa gado, na shimfiɗa bargo a ƙasa. Muna salla tare, yana kushe shayina wai na Kanawa ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. Sai na lura ni ma na fara cin abinci sosai. Wata rana na daure na faɗa masa gaskiya, cewa ban saurari saƙonninsa ba. Ya yi murmushi ya ce ya sani, ai shi ba yaro ba ne. Na tambaye shi me ya hana shi faɗin ciwon tun farko. Ya ce ta yaya zai buɗe baki da roƙo bai gaida ni ba, kuma gaisuwar ita ce kaɗai Hausar da yake samun yi a wuni, shi ya sa yake jan ta.

Abin da na koya shi ne, manyanmu ba sa sa buƙata a gaba. Nauyin baki ke sa su yi ta kewaye, kuma idan abin ya yi tsanani kewayen ƙaruwa yake yi. Ina roƙon 'yan'uwa mazauna waje, musamman lokacin da gari ya watse: kada ku ɗauka kowa ya tafi gida. Ku kira, ku tambayi mutum inda yake, ku bar shi ya gama maganarsa. Ni kwana uku na yi, Allah ya rufa mini asiri na tarar da shi da rai. Har yau ba na son tunanin abin da zan tarar a na huɗu.