Turaren Rumasa'u da Maduban Munzali

Duk wanda ya zauna a Beltsville ta Amurka a shekarun da falo ɗaya ke ɗauke Hausawanmu kaf ranar Sallah, ya san Munzali Dabo. Dogo ne siriri, Bazazzagi, maganarsa sai an kasa kunne. Ni kuwa Bakanuwa ce, don haka tun ranar da marigayi maigidana, Alhaji Maitama, ya ɗauko shi daga filin jirgi ya ajiye mini a ɗakin baƙi, na samu abin tsokana. Alhaji yana aiki a sashen Hausa na rediyo a lokacin, gidanmu kuma shi ne masaukin duk wanda ya sauka bai san kowa ba.

Munzali ya karanci kimiyya a Zariya, ya ƙara karatu a nan, daga baya ya samu aiki a wata cibiyar bincike da ke bakin kogi, kudu maso yammacin Washington. In aka tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Madubai nake kula da su."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari. Ka tsallako teku don ka goge madubi. Ai da ka yi magana, ga na banɗakina nan ya yi dishi-dishi."

Murmushi kawai yake yi ya ci gaba da cin tuwonsa.

A 2007 ya je gida ya auro Rumasa'u, tashin Maiduguri. Yarinyar nan akwati guda ta cika da turare: na wuta, da humra, da kasko, har da kabbasar da ake kifawa a baza tufafi a kai su sha hayaƙi. Mahaifiyarta ce ta haɗa mata da hannunta. Kullum da asuba sai ta turara wa mijinta kayan fita, tun daga singileti har hula. A masallaci ba a waiwayawa a ga ko Munzali ya iso, hanci ke sanarwa. Mu tsofaffi kuwa, in sanyi ya hana mu sakat, gidanta muke tarewa mu zauna a kan kafet, mu shaƙi gida na ɗan lokaci.

Wata Asabar da hantsi na buɗe ƙofa na gan ta da jaka, idanu sun kumbura. A ƙasar da mace ba ta da uwa ba ta da uba, yaji gidana ake kawo shi.

"Gwaggo Hamida, ki kira mini yayana a waya. Gida zan koma."

"Shigo tukuna, gidan ba gudu zai yi ba. Me goge-madubi ya yi?"

Ashe ta je ɗauko shinkafa a but ɗin mota, ta tarar da wata jaka. Riguna ne da wanduna a ninke, wankin shago, babu ƙamshin komai. Da ta tsare shi, ya amsa cewa kullum yana biyawa gidan motsa jiki ya tuɓe kayan da ta turara, ya sake wanka, ya sa waɗannan. Dalili kuwa, ya tsaya yana in'ina har ta gaji ta fito.

"Tuɓe su yake yi kamar masu najasa, Gwaggo. In ni ce nake masa wari, ai sai ya sallame ni."

Na kira Munzali. Ya zo ya durƙusa a bakin kafet yana gaishe ni kamar mai neman gafara wurin alƙali.

Na ce, "Bar gaisuwar nan. Yau sai ka faɗa mana wane irin madubi ne ba ya shiri da ƙamshi."

Ya ce, "Gwaggo, kin san rana wuta ce, amma ba itace take ci ba."

"Yau kuma almara za a yi mini a falona?"

"A cikinta zafi da matsi sun kai inda ƙwayoyin zarra ke tarwatsewa su zama wani abu da ake kira filasma. A nan cibiyoyin ƙwayoyin ke karo da juna su haɗe, haɗuwar ce take ba da hasken. To, mu so muke mu ga yadda abin ke faruwa. Sai a ɗauko ɗan abu da bai fi ƙwayar gero ba, a harbe shi da hasken leza mai tsananin ƙarfi. Kafin ki ƙifta ido ya ɗauki zafi irin na cikin tauraro, na'urori su auna abin da ya fito."

Shekara da shekaru yana cin abincina, ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba.

"Hasken nan ta kan madubai yake bi kafin ya isa. In maiƙo ya sauka a kan ɗaya, ko wanda ido ba ya gani, nan wurin zai ƙone. Shi ya sa ba a shiga ɗakin maduban da turare ko man shafawa a jiki. Shugabarmu, Edna, ta ja ni gefe ta ce ƙamshin yana mata daɗi, amma in na sake zuwa da shi, ofis za ta mayar da ni in zauna gaban kwamfuta."

"To me ya ɗaure maka baki a gida?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranar da na shirya faɗa mata, na tarar da ita a tsugune tana fifita garwashi, tana cewa in wannan haɗin ya tashi ji take kamar Mama na ɗakin. Na kasa."

Na ce, "Kai jama'a! Mutum yana kunna tauraro a wurin aiki, ya zo gida ya kasa kunna bakinsa. Zage-zagi dai sai addu'a."

Rumasa'u ba ta yi dariya ba. Ta ɗago ta dube shi. "Wa yake maka wankin?"

"Wani shago ne a Upper Marlboro. Na zaɓi nesa don kada a gan ni."

"Ina raye, da hannuwana biyu, kake kai wanki wani gari?"

"Ki yi haƙuri, Ruma."

"Haƙuri ba ya wanki. Ba ni mukullin motar."

Ta fita. Shi kuwa ya bi ƙofa da ido, bai san ko tafiyar ke nan ba. Sai ga ta ta dawo rungume da jakar kayan aikinsa, ta zazzage a kujerata tana ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya.

"Dubi wuyan rigar nan, Gwaggo. Wannan ne wanki?" Ta juya gare shi. "Wane sabulu madubin naku yake yarda da shi?"

Daga ranar ita ta karɓi kayan aikinsa. Tana wanke su daban da sabulu marar ƙamshi, ta rufe a akwatin roba can a gareji, ba ta kunna kasko sai ya fita. Asabar da Lahadi kuwa ta rama abinta. Alhaji ya taɓa roƙon Munzali a wurin wani suna da ya matsa kusa da taga, don idonsa ya fara ruwa.

Ya ci gaba da aikin ɗakin nan har 2016, da aka neme shi a wata cibiya mai babbar leza a California. Suka kwashe da 'ya'yansu, Afnan da Fatihu, waɗanda ake wa Hausa su amsa da Turanci. Alhaji ya rasu bayan tafiyarsu, sauran mutanenmu kuma kowa ya sayi gida a wata unguwa, sai waya. Rumasa'u takan kira ni ranar Juma'a. In na ce ina mutumin, sai ta ce, "Ga shi nan, Gwaggo, yanzu kuma surutu ya koya. Rannan sai da ya yi wa mai gyaran famfo bayanin tauraro har mutumin ya manta abin da ya kawo shi."