Shafi Uku da Na Kai Kiru

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi na gama rubuta labaran kakata. Na gaji da su har ba na ganin kuskurena. Aka ce akwai wani tsohon malamin elementare a Kiru mai gyaran rubutu. Na taka keke daga Bebeji da shafi uku kawai, don in gwada hannunsa tukuna.

Bayan mako guda na koma. Ya gyara kurakuraina tsaf, amma ya soke duk inda tsohuwar ta yi ɓaɓatu.

Na ce, "Malam, ai haka take magana."

Ya ce, "Ba haka ake rubutu ba, ɗana."

Na yi godiya, na komo jiki a mace. Sauran takardun suka shekara biyu cikin adaka.