Gayaunar Zulkifli

Ina cikin ɗaure tayar wani babur a rumfata da ke bakin tashar Birnin Kudu wayar Hapsatu, 'yar aminina Hambali, ta shigo. Ta ce, “Baba Badamasi, Baba ya rasu.” An same shi jingine da ɗorawar gonar yayanta Zulkifli, rediyonsa a gefe yana ta magana. Ranar Juma'a ce. Na bar wa mai babur tayarsa a ƙasa, na hau bas ɗin Gwaram da baƙin mai a hannuna.

Ni da Hambali tare muka yi firamare, tare muka bar ta a aji biyar. Shi ya zauna gida yana noma, ranar kasuwa ya yi awon hatsi, ni na bi gyaran babura. Mutum ne mai dariya da yawa a da. Kafin 2011 ko sunan gwamna sai an tuna masa.

Zulkifli shi ne ɗansa namiji tilo. Da ya kawo ƙarfi, Hambali ya yankar masa gayauna a gefen gandu, yadda ake yi, yana noma ta ranar Juma'a abin da ya samu nasa ne. Daga baya yaron ya bi abokai Libiya yana buga bulo a wani gari na bakin teku. Shekarar da Amurka da ƙawayenta suka fara ruwan bama-bamai a can, ya kira sau ɗaya ya ce yana neman mota. Ba mu sake jin muryarsa ba.

Daga nan Hambali ya kama rediyo. Ya ce tun da a fadar shugaban Amurka aka yanke abin da ya ɓatar masa da ɗa, to sai ya san mutanen gidan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya san shugabanni huɗun da aka kashe suna kan mulki, da wanda aka harbe a buɗaɗɗiyar mota matarsa na gefe, da wanda harsashi ya shiga ƙirjinsa a ƙofar otal ya kuma tashi. 'Yan majalisar mai shayi suka sa masa Jakada. In ya doso sai su ce a gyara benci, ga labarin Washinton ya iso da ƙasa a ƙafa. Shi ma yakan yi murmushi.

Labarin da ya fi so shi ne na Amurkawan da aka tsare a Iran sama da shekara, aka sake su ranar da sabon shugaba ya sha rantsuwa. Wannan ya zauna masa a rai. Duk ranar da za a rantsar da shugaba a can, sai ya sa farar rigarsa ya zo Birnin Kudu, mu zauna a rumfata yana duban kowace motar Kano da ta tsaya. Na taɓa ce masa waɗancan gwamnatinsu ce ta nemo su. Ya ce ya sani, amma ai ranar dawowa ce. Nakan sayo mana ƙosai mu jira har la'asar.

Gayaunar kuma bai bar ta ta kwana ba. Kowace Juma'a da safe shi ke shiga da fartanya a madadin yaron. Dawar da ta fito rumbunta daban. In sabuwa ta shigo sai ya raba tsohuwar a unguwa, amma da sharaɗi: ba sadaka ba ce, kyauta ce daga Zulkifli. Mai karɓa zai ce a gaishe shi. Wata shekara Inna A'i, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta manta ta ce Allah ya jiƙansa. Hambali bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ƙwaryar ya mayar rumbu, bai fito ba sai washegari. Liman ya yi masa magana a kan a yi wa yaron addu'ar mamaci, ni ma na yi. Ya saurare mu da ladabi ya koma gona.

Bara da damina da aka harbi ɗan takarar shugabancin Amurka a wajen kamfe harsashi ya gogi kunnensa, majalisa ta ɗauki raha. Wani ya ce maharbin bai taɓa farautar zomo ba. Hambali kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce da ni a hankali, ko wannan, da ya mutu, da matarsa ko 'ya'yansa sun ga gawa, sun san inda aka sa shi.

Bayan mun rufe Hambali na je gayaunar. Ya share rabi, ya tara kara zai ƙona. Irin dawa na nan a ɗaure a tsumma cikin kogon ɗorawar, na ɗauke shi. Ƙannen Hambali suna so a haɗa wurin da gandu a raba gado, kuma ba su yi laifi ba. Na roƙe su su bar min shi damina ɗaya. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, irin kuma yana aljihuna. Ban san abin da zan ce wa wanda zan miƙa wa dawar ba, a gaida wa.

Ganinmu na ƙarshe ranar kasuwar Gwaram ne. Ya rako ni bakin mota yana haki, ya ce gwiwarsa ta gaji, bana sai na zo na taya shi shuka.

Na ce, “Hambali, har yaushe za mu yi ta noma wa yaron nan?”

Ya riƙe hannuna. Ya ce, “Har ranar da wani zai zo ya ce min shi ya wanke gawarsa. Za ka zo?”

Na ce, “Zan zo.”