Bututun Bakin Bindiga

Muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato lokacin da nake gadin shinkafarmu a fadamar Gulma. Da ƙarar wata gajeriyar bindiga nake korar jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye gona. Ƙarar ta fara kashe mini kunne.

Na kai bindigar wurin wani maƙeri a Argungu, ya murɗa mata bututun ƙarfe a baki don rage ƙara. Ya ce, "Malam, kunnenka za shi huta, amma na tsuntsu ma za shi huta."

Da farko kunnena ya huta. Daga nan tsuntsaye suka daina tashi. Daga ƙarshe na kwance bututun da hannuna, domin gida na jiran shinkafa.

Yau ba na jin kiran salla, sai an taɓa ni. Jan-baki kuwa duk kaka suna sauka.